Kibiyar da Ta Ƙi Zama

Litinin, 3 ga Maris
Kamfanin ɗab'i sun ce ranar Juma'a suke son babin ƙarshe, in ba haka ba littafina sai baɗi. Shekara shida ina fama da shi. Yau kuma ƙaramar kwamfutata ta ga damar haukacewa. Na ɗora yatsa a ɗan wurin gogawar nan, kibiya ta cilla saman shafi ta share min sakin layi biyu. Masu kyan ma ta zaɓa.

Talata, 4 ga Maris
In danna sau ɗaya, ta danna sau uku. Na kashe, na kunna, na goge da bakin riga, na zage ta. Shayi kofi huɗu, rubutu layi ɗaya.

Laraba, 5 ga Maris
Shagon mai gyara. Ya kwance, ya hure ƙura, ya sabunta manhaja. A hannunsa sumul take tafiya, munafuka. "Yallaɓai, ƙalau take fa. Anya ba hannun ba ne?" Hannun da ya rubuta littafi uku! Wai in haɗa mata linzami mai waya, irin wanda ake ja a kan tebur. Na ce ban gurgunce ba tukuna.
Ina isowa gida ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Alhamis, 6 ga Maris
Saura kwana ɗaya. Na zaga ɗakin nan ya fi a ƙirga. Maman yara tana ninke kaya, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Malam, ka sake."
"Na sake me?"
"Lasar yatsa. Duk sanda za ka gangara ƙasa sai ka lasa, kamar mai buɗe shafin littafi. Jiƙa ta kake yi."
Na ce sharri ne. Ta tsaya a kaina ta ƙirga: sau tara a shafi guda.
Matar da nake yi wa tsiyar ba ta taɓa kai littafi ƙarshe ba. Wai, "Shekara ashirin da biyar ina kallon ka kana karatu."

Juma'a, 7 ga Maris
Maman yara ta zauna gefena da cokali. Hannu na nufar baki, ƙwas! Kibiya ta nutsu. Babin ya tafi ƙarfe uku.
Kafin ya tafi, tana zaunen ta karance shi tas, ta ce ƙarshen ya yi tsawo. Bai yi ba.
Na dai cire layi huɗu.