Itacen Turaren da Na Kunna

Unguwar Faisal, Alƙahira
Litinin da la'asar

Zuwa ga Ammu Midhat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya. Ya jikin Hajja mahaifiyarka, gwiwar ta yi sauƙi? Ya shago, ya zafin nan? Mu ma muna nan lafiya.

Ammu, ni ce na kunna turaren nan. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Mama, ko ƙawata da muke zama benci ɗaya. Na sa shi a farko ne don na san halina, in na tsaya kewaye-kewaye zan cika takardar da labarin zafi da sauro in sa hannu in ninke.

Ka san ba na iya magana. Duk shekarun da ka yi kana auren mahaifiyata, ban jin na taɓa haɗa maka jimla uku a jere. Kai ne ma ka sa min Gimbiyar Baranda, saboda kullum ina can a maƙale da littafi. Kuma kai kake sayo min su a wajen masu tsofaffin littattafai, kana duba hoton saurayin da ke bango kana cewa, "Wannan ma gashinsa ya fi nawa, riƙe." Ba ina ɗora maka laifi ba ne. So nake ka gane inda wautar ta fito.

Ranar da ka kwashe kayanka ka koma gidan Hajja, ina baranda, na ji abin da ka ce a bakin ƙofa. Ka ce wa Mama, "Ihlas, zama dai ya ƙi mana. Amma ba zan cire sunana daga kanki ba sai takardarki ta fito, ko da kuwa sai na tsufa." Lokacin Mama ta daɗe da cika shekara biyun da aka ce matar ɗan ƙasa za ta jira kafin a ba ta zama 'yar ƙasa, amma kullum amsa ɗaya ce a ofishin: ana bincike, ki dawo bayan Sallah. Har kana tsokanarta wai fayil ɗinta ya yi aure a can ya hayayyafa.

Ni da na ji maganarka sai zuciyata ta ce, ai wannan so ne. A littattafaina duk namijin da ya faɗi irin wannan a bakin ƙofa bai tafi ba, girman kai ne kawai ya riƙe shi. Maganinsa kuma ɗaya ne, ya ji ƙanshin wani namiji a kusa. Sai ya dawo a guje.

Sai firji ya lalace, ka ce za ka zo ka duba. Mama ta fita tun asuba ta kama layi a ofishin fasfo. Na jawo buhun itacen turarenta daga ƙarƙashin gado, wanda ba ta taɓa ba tun tafiyarka. Ka fi kowa sanin matan Sudan ba sa zama a kan hayaƙin nan sai don miji. Kai ne in ka jiyo shi tun daga matakala kake ɗaga murya, "Yau Sudan ta ci Masar da yaƙi!" Na zuba garwashi a tukunyar, na bar hayaƙin ya kama labule da kujeru da mayafin Mama. Na dafa gahawa na ɓata kofi biyu. Na sayo kwalin basbusa, kayan zaƙin nan da masu neman aure suke riƙowa, na cinye yanka biyu da kaina, har zaƙin yana ƙona min maƙogwaro.

Da ka shigo na ga hancinka ya buɗe. Ka dubi teburin ka ce, "Gimbiya, baƙo kuka yi?" Na sunkuyar da kai. Ka ce, "Namiji?" Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Murmushi na yi kaɗan, Ammu, wanda na gwada a madubi.

Ka durƙusa ka gyara firjin tsaf, ka goge hannunka, ka rufe akwatin kayan aikinka, ka fita ba sallama. Na ruga baranda ina jiran in ga ka juyo. Har na tsara abin da za ka ce wa Mama.

Satin bai ƙare ba aka kawo mata takardar saki da hatimi.

Hannuna ya gaji, kuma na ji motsin Mama a matakala. Abin da nake roƙo shi ne ka zo ofishin fasfo ranar Lahadi da katinka. Zan yi maka bayani gobe in Allah ya kai mu.

Ka huta lafiya.
Taka mai biyayya,
Tasabih

Faisal
Laraba da hantsi

Zuwa ga Ammu Midhat,

Assalamu alaikum. Ina sake gaishe ka, da fatan ka tashi lafiya, kai da Hajja da mutanen shago. Allah ya sa aiki yana tafiya.

Wasiƙar Litinin tana nan cikin jakar makarantata, ban aiko ba. Jiya na shiga tuktuk, keken hayar nan mai ƙafa uku, har bakin layinku. Na hango ka kana ɗaga firji kai da wani, ka yi rama, sai na kasa sauka. Mai tuktuk ɗin ya ce, "Amarya, sauka za ki yi ko haya kika kama?" Na ce ya mayar da ni gida.

Bari in gaya maka abin da ya faru bayanka, don ka daina ɗaga wayar Mama tun ranar da ka ce mata ta je ta tambayi wanda take yi wa hayaƙi. Wallahi ba ta gane ba. Da ta dawo ran nan na riga na buɗe tagogi, na wanke kofuna, na ba mai gadin bene sauran basbusar. Ta ji ɗan ƙanshi ta tambaya, na ce daga maƙwabta ne. Sai ta ɗauka wani ne ya kai maka gulma, ta ɗora wa Sitti Karima ta saman bene, wadda take aiko mana da miyar molohiya duk Juma'a. Suka yi faɗa a matakala, duk bene ya fito kallo. Sitti Karima tana cewa, "Ni? Ni da na riƙe ki kamar ƙanwata? Allah ya isa, Ihlas!" Ina tsaye a bayan ƙofa da littafi a hannu. Har yau in ta gan ni sai ta shafa kaina ta ce ni ba ruwana. Na fi son ta mare ni.

Izinin zaman Mama na matar aure ne, to ya mutu da auren. Nawa kuma a jikin nata yake. Da ta kai musu takardar sakin, ba su ce an ƙi ba, ba su ce an ba ta ba. Wata 'yar takarda suke ba ta, in ta ƙare ta koma su buga mata wani hatimin. An yi azumi, an yi Sallah ƙarama, an yi babba, sanyi ya zo ya wuce. A taga ta farko a ce fayil yana sama. A sama a ce ya tafi wajen masu bincike. Wata rana na raka ta, mutumin tagar yana cin gurasa da wake, ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Madam, ke yanzu ba matar kowa ba ce, ni a wane layi zan sa ki? Kawo min layin in sa ki." Mama ta yi dariya don kada ta yi kuka, ta ce, "Sa ni a layin masu jira, ai ni ce shugabarsu."

Wurin ɗinkin da take yi sun sallame ta, wai suna tsoron masu duba takardu. Yanzu a gida take yi wa amare lalle. In ta hango motar 'yan sanda a bakin titi sai ta riƙe hannuna ta canza hanya. Ka san babu inda za mu koma. Gidan kakata na Omdurman ko ƙofa ba a bar masa ba, kuma ni tun ina ƙarama nan na sani.

Wancan satin wata lauya mai taimakon mata ta bi mana fayil ɗin. Ta ce tunda shekara biyun sun cika kafin sakin, haƙƙin Mama bai faɗi ba. Amma babban jami'in ya ce yana shakkar auren, wai ƙila na takarda ne. Ya ce sai tsohon mijin ya zo da kansa, da katinsa, ya faɗa da bakinsa cewa zaman aure aka yi na gaskiya. Ya ba da ranar Lahadi. In ba ka zo ba zai rufe fayil ɗin, kuma ba za a ƙara sabunta 'yar takardar ba.

Auren takarda, Ammu! Ni da na ga ka goya Mama daga hawa na huɗu lokacin da ta yi zazzaɓi. Ni da nake jin ku kuna faɗa a kan gishirin miya.

Littattafan na zuba su a kwali na tura ƙarƙashin gado, kusa da buhun itacen. Amma kada in yi maka ƙarya, shekaranjiya na ciro ɗaya na karanta. Ban san wani wurin ɓuya ba.

Ka gaida Hajja.
Taka,
Tasabih

Faisal
Alhamis bayan azahar

Zuwa ga Ammu Midhat,

Assalamu alaikum, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da kowa naka.

Yau ba zan tsawaita ba. Da safe ina tsefe wa Mama kai, ta ce gobe bayan sallar Juma'a za ta zo gidan Hajja. Na ce me za ki ce masa? Ta ce, "Zan ce e, na yi, ya yafe min." Tsinken ya faɗi daga hannuna. Na ce ai ba ki yi ba, Mama. Ta ce, "Na sani, 'yar nan. Amma na rantse masa ta waya bai yarda ba, na aika masa liman bai yarda ba. Namiji in ya riga ya ga abu a kansa, rantsuwa ƙara masa zafi take yi. In na amsa laifin ƙila zuciyarsa ta yi sanyi ya zo. Ke nake ji, kina da jarrabawa a gaba. Ni mutuncin me ya rage min a bakin taga?" Sai ta ce in ci gaba da tsifa, kada in ja mata gashi.

Har suna ta zaɓo wa mutumin da babu shi, don kada ka tambaya ta rasa amsa. Ta tambaye ni wai wanne ya fi kama da gaskiya, tunda ni ce mai karatun littattafai.

Ammu, mahaifiyata za ta durƙusa a gaban Hajja da 'yan'uwanka mata ta ce ta shigo da namiji gidan aurenta. Matar da ko mai kawo iskar gas ba ta buɗe wa ƙofa sai ta yafa mayafi. In ta faɗa, ba ta da hanyar janyewa, ko da na fito daga baya na yi ihu a tsakiyar titi.

Ba na roƙon ka mayar da ita. Na daina tsara wa mutane ƙarshen labari. Ba na ma roƙon ka yafe min, in ka ga dama kada ka sake duban inda nake. Abu biyu kawai: gobe kada ka bari ta buɗe baki, kuma ran Lahadi ka je ka faɗi abin da ka sani. In kana shakkata, tambayi mai gadin benenmu wa ya ba shi basbusa ran da ka gyara firji. Bai manta ba, don har yau yana min addu'a a kanta.

Na san in ka karanta, Mama za ta ji. Na fi tsoron fuskarta a kan taka. Na yi tunanin in ba mai tuktuk ya miƙa maka, ko in tura ta ƙarƙashin ƙofar shago in gudu. Amma za ka iya cewa Mama ce ta sa aka rubuta. Sai ka ga fuskata za ka yarda, kamar yadda ka yarda da murmushina wancan karon.

Na haɗa ukun na ninke. Na sa takalmina tun kafin in fara rubuta wannan, don kada in sami dalilin zama. Mama tana ɗaki tana yi wa wata amarya lalle, na ce mata zan je sayo lemon tsami. Ba zan shiga tuktuk ba, da ƙafa zan zo. In ka ɗago ka gan ni a ƙofar shago ban ce komai ba, don Allah kada ka tambaye ni. Ka miƙo hannu kawai, kuma zan tsaya a wurin har ka gama karantawa.

Wassalam.
'Yar Ihlas,
Tasabih