Baƙin Layin da Ke Bangon Zaure

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a nemanka. Mu nan kalau muke. Yara suna zuwa makaranta, maigidana ya samu sauƙin ciwon bayan nan, Gwaggo kuma tana nan da faɗanta, wanda ka san shi ne alamar lafiyarta.

Na daɗe ina juya biro kafin in fara, don kunya ce ta cika ni. Maganar zauren gidanmu ce. Tun da muka dawo zama da Baba bayan rasuwar Inna, nake ganin wani baƙin layi a bangon hagu, daidai ƙugun mutum, daga ƙofar tsakar gida har ƙofar waje. In na wanke, sai ya dawo. Na ɗora wa yara laifi, na yi faɗa har na gaji, suna rantsuwa ina cewa ƙarya suke yi. Ka san halina, ba na son baƙo ya shigo ya fara cin karo da dauɗa. Da abokan aikina suka ce za su kawo mini ziyara, sai na kira mai fenti ya shafe bangon tas. Na rataye hotunanmu, na sa madubi, na kafa ɗan katako na jera tuluna masu furen roba, na ajiye ma'ajiyar takalma a jikin bangon. Baƙi suka zo suka yaba, kaina ya yi girma.

Daga nan Baba ya daina fita. Mutumin da ba ya fashin zama a bencin ƙofar gida da abokansa, sai ya koma wuni a ɗaki. In na tambaya, ya ce ƙafa ce. Na sayo man shafawa, ina ta yabon kaina da kula.

Wata safiya ina shara a bakin ƙofar waje, sai ga shi ya fito a hankali. Ya ɗaga hannu zai dafa bango, ya bugi katakon, tulu ya faɗo ya fashe. Ya matsa, ƙafarsa ta harɗe da ma'ajiyar takalma. Sai ya tsaya cak a tsakiyar zauren da shi ya gina, yana laluben iska. Yaya, ina tsaye a gabansa, haske a kaina, amma ya juya fuska cikin gida yana kirana. A nan na gane layin nan sawun hannunsa ne. Da shi yake bin hanya, ni kuwa na tare masa ita da kayan ado. Garin neman gira na rasa ido, kuma kullum ni nake miƙa masa abinci ban lura ba.

A ranar na kwashe komai daga bangon hagu, na ba yaran haƙuri. Washegari ya fito, ya bi bangon da hannu har ƙofa ba abin da ya tare shi. Ya tsaya ya tambayi wanda ya cire kayan. Na ce sun gundure ni ne. Ya yi murmushi ya ce tun ina ƙarama ban iya ƙarya ba. Sannan ya faɗa mini ya daɗe ba ya ganin komai sai inuwa-inuwa, ya ɓoye ne don kada ya zama kaya a kanmu. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan gaya maka ba, wai za ka bar aikinka ka taho, ko ka ɗauke shi daga gidan da Inna ta zauna. Na yi alkawarin, ga shi ina karya shi.

Maƙwabciyarmu mai aikin jinya ta ce wataƙila yanar ido ce ta rufe masa gani, amma sai likita ya duba, kuma jinkiri ba shi da amfani. Na roƙe shi mu je, ya ƙi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma maganarka kaɗai yake ji. Don Allah ka kira shi, ka lallashe shi. In ya yi fushi da ni, zan ɗauka, ya fi mini in gan shi yana lalube a gidansa.

Ka gaishe mini da matarka, da takwarar Inna, da autanku mai ƙiriniya. Gwaggo da maigidana da yara duk suna gaishe ka. Baba ne kaɗai bai ba da saƙon gaisuwa ba, don bai san ina rubutu ba. A tabarma ɗaya muke zaune, takardar tana kan cinyata, yana kallon inda nake. Yanzu ya tambaye ni me nake yi na yi shiru haka, na ce shinkafa nake tsincewa.

Taka har kullum,
Ƙanwarka