Rijiyar da Ake Kira da Sunana

Zuwa ga Malam Sule,

Gaisuwa irin wadda muka saba. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, yau kwananka arba'in da uku a ƙasa. Da ajami nake rubuta ta, ajamin da kake yi wa dariya. Ko ba ka karanta ba, ni dai sai na faɗa, don abin ya hana ni sakat.

Gida lafiya. Gero ya yi dama-dama, gyaɗa ce ba ta yi ba. Tun da kuɗin mai ya shigo samari suke ta guduwa Kano aikin gini. Iyalinka suna nan Kazaure, Hajiya Rabi tana takaba, yaran kuma ana kula da su. Rijiyarmu ta ƙauye tana nan yadda ka san ta, ruwanta zartsi, ko shanun Fulani sai su sunsuna su juya. Har yau sunanta Rijiyar Audu. In mace ta dafa wake ya ƙi nuna, ni ake ambata.

Ka tuna wanda ya fara nuna maka dutse mai zare? Ni ne. Muna samari, ina bin mahaifina haƙar rijiya wajen Roni, kai kana ɗan makarantar boko. Na fito maka da shi daga cikin yumɓu, fari, yana sheƙi kamar an jera zaren siliki an matse. Na karce shi da farce, ka riƙe baki. Daga baya kai ka gaya mini sunansa na boko, jifsam, ka kuma bayyana mini yadda yake fitowa: ruwa mai gishiri-gishiri ya ratsa tsagar yumɓu, ya ƙafe, ya bar zare yana tsirowa daga wannan bango zuwa wancan, tsagar na buɗewa zaren na ƙara tsawo, shekara da shekaru. Ni kuma na ba ka abin da littafinka bai da shi. Na ce duk rijiyar da aka tarar da shi a cikinta, ruwanta ba zai shawu ba. Mahaifina in ya gan shi, nan take yake sa a mayar da ƙasa.

Duk inda na je haƙa, Gwiwa ne, Babura ce, sai na naɗo maka shi a auduga don kada ya ruguje, na sa a gwangwani. Ban taɓa jin nauyin haka ba. Daɗi nake ji in ga kana juya shi a rana kana murna kamar yaro.

Shekarar da aka samu 'yancin kai ka zama malamin rijiyoyi, aka ce za a yi wa ƙauyenmu rijiya. Kai ka zo da kekenka, ka kafa turke kusa da kwazazzabo, ka ce in haƙa a nan. Na kai gaba huɗu na ci karo da zaren, dogo, irin wanda ban taɓa gani ba, ya fi tsawon yatsa. Na fito na ce maka a tsaya. Ka dafa kafaɗata, ka ce awon ofis ya nuna ruwan daɗi yana can ƙasa, in ci gaba, in kuma riƙa fito maka da dutsen a hankali. Na yarda. Wa zan yarda da shi in ban yarda da kai ba?

Ranar da Dagaci ya kurɓi ruwan ya tofar, ya tambayi wanda ya zaɓi wurin. Ka sunkuyar da kai. Na dube ka, na tuna sabon aikinka da jaririnka na goye, na ce ni ne. Wannan ban taɓa gaya maka ba: na yi alfahari da abin da na yi ranar. Na ɗauka kuskure ka yi, na rufa maka asiri. Tun daga nan ba wanda ya sake kirana haƙa. Sana'ar ubana da kakana ta mutu a hannuna. Matan garinmu, har da tawa, shekara goma sha biyar suna tafiya mai nisa da tulu a ka.

Shekaranjiya Hajiya Rabi ta aiko mini da akwatinka na duwatsu, wai ka ce ni kaɗai na san darajarsu. A ƙarƙashin audugar akwai ɗan littafi. 'Yata Hadiza, wadda ta yi firamare, ta karanta mini. Ta zo wani shafi ta ƙi ci gaba, sai da na tsawata mata. Da hannunka ka rubuta, mako biyu kafin ka kafa turken, cewa ka ga alamar dutsen a bakin kwazazzabon, ruwan wurin da wuya ya shawu, amma babu inda za a samu dogayen zare kamarsa. A ninke a ciki ga takardar yabo daga wani Baturen duwatsu da ka aika wa mafi kyawunsu.

Haba Sule! Ashe ka sani? Ashe ba rijiya ka sa ni haƙa ba, dutse ka sa ni tono maka? Duk shekarun nan kana zuwa gidana, kana cin tuwona, kana shan ruwan da matata ta ɗauko daga nesa, bai taɓa sarƙe ka ba? Da ka ce mini dutsen kake so, wallahi da na haƙa maka rami a gonata kyauta.

Hadiza ta ce in kai wa Dagaci littafin. Na yi ta juya maganar. In na kai, sunana ya wanku, 'ya'yanka kuma su gaji abin da na ɗauka, su da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ba zan kai ba. Ya ishe ni 'yata ta san ubanta bai jahilci sana'arsa ba.

Amma ka ji wannan. Ranar jana'izarka liman ya roƙi jama'a a yafe maka, muryata ta fi ta kowa, ina hawaye. Ni na shiga kabarinka na karɓe ka, don ni na haƙa shi, shi ne ramin farko da aka ba ni haƙa tun waccan rijiya. Yafiyar da na yi ranar ta abin da na sani ce. Wannan kuwa ban yafe ba tukuna. Ina roƙon Allah ya sanyaya mini zuciya kafin in biyo ka. In bai sanyaya ba, ka jira ni.

Sai mun haɗu.

Ni ne abokinka da ya yarda da kai,
Audu mai haƙar rijiya.