Takalmin Aikin Mama

Ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya fama da rana? Mu nan lafiya lau, sai dai 'yarki Aku. Yarinyar da ke cika mana kunne da surutu ta yi tsit, yau kwana huɗu ta ƙi zuwa makaranta.

Malamarsu ce ta ce kowa ya zana injiniya. Duk ajin suka zana ƙato kwance ƙarƙashin mota, riƙe da sifana, jiki duk baƙin mai. Ita kuwa ta zana ki da gyale da jaka. Suka yi ta mata dariya, wai mace ba ta injiniya, kuma injiniya ba ya tsafta.

Jiya ta tsare ni a kicin: "Inna, in Mama injiniya ce, me ya sa hannunta ke ƙamshin sabulu? Ina take zuwa in ta bar ni?" Gani take ƙarya kike mata. Ki san abin yi.

Yayarki

Yaya,

Ina gaishe ki. Tun da na karanta wasiƙarki na kasa cin komai. Laifina ne. Duk ranar da zan taho gida sai na dirje farcena da buroshi, na bar kayan aiki a can, don kada ta ga uwarta kamar an tono ta daga rami. Ashe ɓarna nake yi!

Ba halin zuwa yanzu, jibi za mu zuba kankaren gadar da muke ginawa. Na ba direbanmu takalmin aikina da tsohuwar hular kwanona da hotona a saman gadar, ya kawo mata. Na san ki da tsafta, Yaya, don girman Allah kada ki wanke su. In yarinyar nan ta daina yarda da ni, me nake ginawa?

Ƙanwarki

Ƙanwata,

Saƙo ya iso lafiya. Kai, wannan takalmi! Sai da na zauna a kan hannuna don kada na jefa shi a bokiti. Aku kuwa ta sa hanci ciki, ta ce, "Warin ƙafar Mama ne." Da safe ta riga ni shiri, ta tafi da shi makaranta a leda. Amma tun da ta dawo take ƙura wa hoton ido. Ga nata saƙon, yadda ta faɗa haka na rubuta.

Yayarki

Mama,

Ina wuni? Sun yarda. Har malama ta taɓa simintin da ke jikin takalmin.

Amma na ga gadar, ta fi gidanmu tsawo, kuma babu mai riƙe ki. Gobe zan ce musu ƙarya na yi, ke ba injiniya ba ce. Ki sauko ki dawo.

Aku