Aro Na Ce, Ranka Ya Daɗe

Zuwa ga Mai Girma tsohon Minista, kuma tsohon ɗan majalisarmu na tarayya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, ina yi maka barka da hutawa. Sunana Garba Ɗantani, manomi a wani ƙauye kusa da Moriki. Na san ka manta da ni, amma da wuya ka manta da gonata, don a cikinta aka ɗauke ka hoton nan da aka yi ta mannawa a tasha.

Sau uku ina zuwa gidanka na Kaura, mai gadi yana ce mini kana barci. Shi ya sa na kawo maganar jarida, ko Allah zai sa ta same ka a farke.

Na ɗaya. Lokacin da kake minista, kafin a yanke Zamfara daga Sakkwato, ka zo da jerin motoci ka ce za ka kafa wurin yi wa shanu allura, saboda makiyayan da ke shigowa kasuwar Moriki. Aka rasa fili a bakin hanya sai gonata ta gado. A gaban maigari da liman na ce na ba da aro, kamar yadda muke ba juna aron gona: ka yi amfani da ita, ran da ka gama ko ka fasa ta koma hannun mai ita. Ka riƙe hannuna, ka maimaita kalmar da bakinka. Sai sakatarenka ya rubuta da Turanci wai kyauta na bayar. Ni kuwa na dangwala yatsa ina ta washe haƙora, ga ni kusa da minista.

Na biyu. Abin da aka gina shi ne ɗan tudun bulo iya gwiwa, da allon ƙarfe mai sunanka. Daga ranar ko saniya ɗaya ba ta sha allura a wurin ba. Kai dai ka yi gaba. Aka sauke ka daga minista, aka yi sabuwar jiha ka nemi gwamna ka sha ƙasa, jam'iyya kuwa ka sauya har mun daina sayen hular jam'iyyarka. Cikin duk abin da ke ɗauke da sunanka, bulon nan ne kaɗai bai taɓa sauya sheƙa ba. A jikinsa nake ɗaure jakina.

Na uku. Duk shekarar da na ɗauki fartanya, sai wani jami'in filaye ya ɓullo da takardar sakatarenka ya ce filin gwamnati ne. Ga gonar da ubana ya bar mini ta cika da tumfafiya, ni da furfurata ina ƙwadago a gonakin mutane don in ciyar da gidana. Wannan abu yana ci mini rai, ba zan ɓoye maka ba.

Na huɗu. Da shari'ar Musulunci ta zo, na gan ka a sahun gaba a Gusau, da sabon gemu da wando iya ƙauri, kana kabbara har hula na zamewa. Na yi murna, na ce mutumina ya shiryu. Na kai ƙara gaban alƙali, ya ce in kawo shaidu biyu da suka ji na ce aro. Liman ya amsa zai zo, ko da ɗaukarsa za a yi. Maigari ya rasu, Allah ya jiƙansa. Sakatarenka kuwa ba zai ƙaryata abin da ya rubuta ba. Saura mutum ɗaya a duniya da ya ji kalmar, kuma kai ne.

Don haka ga roƙona. Ka zo gaban alƙali kafin ruwan shuka ya sauka, don in daminar bana ta wuce ni ban san ko ina da ƙarfin wata ba. Ba sai ka zo da 'yan rakiya ko lasifika ba. Ka yi dogayen jawabai a majalisa, ban san gidan da suka ciyar ba. Wannan kalma ɗaya ce, kuma za ta ciyar da nawa. Allon sunanka, in kana so ka aiko a ɗauka. Bulon dai a bar mini, jakin ya saba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tashe ka daga barcin nan, ya sa gemun ya zama hujja gare ka ba a kanka ba.

Wassalam.

Naka mai jiran shaidarka,
Garba Ɗantani