Kwalbar Da Na Girgiza

Zuwa ga Gwaggo Saratu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar taki? Yaya Baba Audu da yara, yaya damina? Ni lafiyata lau a nan Dubai, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Kin san an mayar da ni ɓangaren giya a otal ɗinmu. Akwai wata jar giyar inabi ta wata tsohuwar gona a Faransa, gida ɗaya ke yin ta tun kaka da kakanni. Da hannu suke tsinkar inabin, su matse, su zuba a gangunan katako, sannan kwalba ta yi shekaru kwance a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Duk na haddace tarihin nan. Abu ɗaya ne ba wanda ya gaya mini.

Ranar Alhamis wani baƙo ya ce in kawo masa wata kwalbar giyar nan da ta girme ni. Na hango wani abu ya kwanta a gindinta, sai hannuna ya tuna da burkutunki. Gwaggo, na girgiza ta sosai, a gabansa! Mutumin ya dafe kai. Ashe duk shekarun nan jira suke abin ya kwanta, a tsiyaye na sama a hankali. Manaja bai yi faɗa ba, ya ce kawai in same shi a ofis ranar Lahadi. Bizata kuwa a hannunsu take.

Ku sa ni a addu'a, ke da matan zumunta na coci. Kada Mama ta ji tukuna. Ki gaida kowa da kowa.

Tun ina yaro kike ce mini daɗin yana ƙasa, a motsa kafin a zuba. Ki roƙa mini Allah kada a koro ni gida don na ji maganarki.

Ɗanki,
Bitrus