Hannun da Inna Ta Hana

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Likitar gashin ƙashi ta ce in riƙa rubutu da hannun hagu kullum, ko da layi biyar ne. To ga shi ina yi, ɗan aji ɗaya ma ya fi ni.

Wata uku ke nan da faɗuwata daga mashin a Kawo. Jijiyoyin kafaɗa suka tsinke, hannun dama yana nan rataye cikin majanyi, ba ya jin zafi ba ya jin sanyi. Matata Samira kuma cikinta ya shiga wata na takwas. Duk lokacin da ta ce yaron ya motsa sai gabana ya faɗi. Da me zan ɗauke shi?

Laraba, 9 ga Yuli

Malam Bawa maƙwabci ya tare ni a ƙofar gida, ya miƙo hannu. Na ce a yi haƙuri da hagu. Hannunsa ya tsaya a iska, ya rasa yadda zai yi da nawa, daga ƙarshe ya kama min wuyan hannu yana ta "sannu, sannu" har sau bakwai. Mutumin kirki ne, shi ya sa abin ya fi ciwo. La'asar a ɗaki na yi ta. Magariba ma.

Asabar, 12 ga Yuli

Mansur ya zo daga Katabu da wani ƙaramin kwali. Tun muna makarantar kimiyya muke buga gem na kwamfuta tare, kuma tun bayan hatsarin ban ɗaga wayarsa ba. Bai yi min jaje ba, Allah ya saka masa. Ya dire kwalin ya ce, "Malam, ko da kake da hannu biyu cin ka nake yi, saboda haka kar ka fake da wannan."

Kibod ne, amma rabi. Maɓallai talatin da biyar, da matashin da ake ɗora tafin hannu, babu waya ko ɗaya, sai ɗan wani abu kamar ƙwayar gyaɗa da ake soka wa kwamfuta. Na ɗora hannu na ji ya zauna daram. Mansur ya gwada ɗora damansa, babban yatsa ya rasa wurin zama. Don hagu kaɗai aka ƙera shi. A rayuwata ban taɓa ganin abin da aka yi don hagu ba sai butar banɗaki, ita ma ba a ƙera ta don haka ba.

Na ce to mawus ɗin fa, wa zai riƙe? Ya kalli Samira.

Talata, 15 ga Yuli

A wasan yaƙin da muka kunna, ni ke tafiyar da sojan, ita ke juya masa ido da mawus ta yi harbi. Mutum biyu a jiki ɗaya. Na ruga gabas tana kallon yamma, muka faɗa rami sau huɗu. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ni kuma na tsorata na ce ta daina.

Maɓallan suna da ƙara, ƙas ƙas ƙas, kowane dannawa sai ka ji shi a ƙashin yatsa. Ina son ƙarar, ban san dalili ba.

Juma'a, 18 ga Yuli

Ban je masallaci ba. Na ce ruwa ake yi. Yayyafi ne.

Lahadi, 27 ga Yuli

Wani abu yana damuna. Kwana goma sha biyar kacal, amma yatsun nan sun daina neman maɓalli, da kansu suke zuwa. Na samo wasan tseren mota da ba ya buƙatar mawus, na jona kwamfuta da talabijin, kibod a cinya. Jiya na wuce Mansur sau biyu, ya ce intanet ɗinsa ne.

Ai bahago aka haife ni, na ma manta. Yau na tuna ludayin Inna a bayan hannuna duk lokacin da na kai hagu cikin kwano. Da ta gaji da duka sai ta riƙa ɗaure min shi a baya da ɗankwalinta har in gama cin abinci. Ɗankwalin kore ne. Shekara ashirin da bakwai ban tuna da shi ba sai yau.

Alhamis, 31 ga Yuli

Asibiti. Sun soka allurai a damtsen, na'ura ta yi shiru. Likita ya ce a ba shi wata shida a gani. Na san irin wannan "a gani" ɗin.

Lahadi, 3 ga Agusta

Inna ta iso daga Dutsin-ma, za ta zauna har a gama wankan jego tunda mahaifiyar Samira ta rasu. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, daga "kai" sai "wancan". Ta kalli majanyin sau ɗaya ta kau da kai, ta hau tambayar Samira inda ake sayen itace a Unguwar Dosa.

Na ɗauki tuwona na shige ɗaki na rufe ƙofa. Ba zan iya kai hagu baki a gabanta ba, ko da cokali.

Laraba, 6 ga Agusta

Na ji ta a tsakar gida tana gaya wa matar Malam Bawa wai aikin ofis nake yi daga gida, ba ta jin ƙarar na'ura ne? Har da alfahari a muryarta. Ni kuwa a lokacin wata jar mota nake ƙoƙarin wucewa a kwana. Ban gyara mata ba. Ofis sun ba ni hutu har Oktoba, ko takarda ɗaya ban taɓa ba.

Asabar, 9 ga Agusta

Da suka tafi awo na auna shinkafa mudu biyu a leda, na naɗe da tawul, na gwada ɗauka daga kan gado. Sau uku ina yi. Ɗagawa ba wuya, amma babu hannun da zai tallafi kai. A na ukun ledar ta zame ta fashe a ƙasa.

Na durƙusa ina tsince shinkafa da hannu ɗaya. In da shi ne fa?

Litinin, 11 ga Agusta

Na samo mafita. Ɗan fari ne, kuma a garinmu uba yakan ɓuya ranar sunan ɗan fari saboda kunya. Yanzu ba kowa ke yi ba, amma ba wanda zai zarge ni. In yi sammako in tafi Katabu, Kawu Tukur ƙanen Baba ya tsaya a madadina. Ba gaisawa da mutum ɗari, ba "sannu, sannu", ba wanda zai miƙo min jariri a gaban jama'a.

Na gaya wa Samira. Ta daɗe tana ninke kayan jarirai, sannan ta ce, "Kunya ce, ko?" Na ce eh. Ba ta riƙe min mawus yau ba.

Alhamis, 14 ga Agusta

An kama ni. Rashin waya a jikin kibod ɗin nan ne ya ja min, na baje a kujera nesa da talabijin, ban ji shigowar Inna da kunu ba. Allah kaɗai ya san tsawon lokacin da ta yi a tsaye.

"Wanga shi ne aikin?"

Na ce wasa ne, Inna. Na jira faɗa. Mutum mai shekara talatin da uku, matarsa na gab da haihuwa, yana tuƙa motar ƙarya. Amma ba talabijin take kallo ba, yatsuna take kallo. Ta ce in ci gaba. Na ci gaba, na yi zagaye guda ban bugi komai ba.

Ta ajiye kofin a gefen hagu na kujera. A bakin ƙofa na ji ta ce, ba da ni ba, "Ashe bai manta ba."

Na kasa shan kunun.

Asabar, 23 ga Agusta

Da hantsi Samira ta ce in kawo mawus, ta huce. Muna tsakiyar wasa ta riƙa harbin sama, ina ta mita, sai ta ce, "Ashiru, ajiye abin nan ka kira Inna." Malam Bawa ne ya kai mu a motarsa.

Namiji, bayan azahar. Lafiya lau su biyun, alhamdu lillahi.

Nas ta fito da shi ta nufo ni. Na ja da baya har na bugi bango. Kawu Tukur ne ya karɓa ya yi masa huɗuba a kunne. Kowa ya ɗauka kunya ce, har ana yi min dariya. Samira ba ta yi dariya ba.

Talata, 26 ga Agusta

Kwana uku. Ina leƙa shi daga bakin ƙofa. Kansa ko cikin tafin hannuna bai yi ba, kuma wuyan ba ya tsayawa.

Na kunna wasa na kashe. Ƙarar tana tashinsa.

Juma'a, 29 ga Agusta

An kawo rago, an kawo goro da dabino. Na yi wa kibod caji na sa a jaka. Mansur ya ce in zo, ƙofarsa a buɗe take, amma shi yana nan zuwa suna, sai dai in zauna da kajinsa.

Lahadi, 31 ga Agusta

Ban je Katabu ba.

Jiya bayan asuba na rataya jaka, ana shimfiɗa tabarmi a waje. Na tarar da Inna zaune a kan kujerar tsakar gida, daidai hanyar fita, yaron a hannunta. Ta ce, "Ina za ka?" Na fara zancen al'ada. Ta ce ubana ma da ya ɓuya ranar sunana, sai da ya ɗauke ni tukuna ya tafi.

"Zauna."

Na zauna a kan tabarma. Ta sa Samira ta kawo matashi ta ɗora min a cinya. Na ce Inna zai faɗi, wallahi zai faɗi, na gwada da shinkafa. Ta ce ta sani, ita ta share sauran a ƙarƙashin gado. Ta kamo hannuna na hagu, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta kwantar da yaron a kan damtsena, kansa a cikin tafina.

"Yatsun da ke tuƙa mota cikin talabijin za su kasa riƙe kan jariri? Ni na hana wanga hannu karɓa. Yau ni na ce ya karɓa."

Ta sake shi. Ta ma ja da baya.

Yana da ɗumi, kuma ya fi shinkafar nauyi kaɗan. Ban san tsawon zaman da na yi ba, sai da Kawu ya aiko cewa liman ya iso. Wani abu ya shiga min ido, hayaƙin itacen wanka ne ina jin.

Na fita. An raɗa masa Yusha'u. Mutane sun yi yawa, na fara da "a yi haƙuri da hagu", wajen mutum na goma na gaji da faɗa na riƙa miƙawa kawai. Malam Bawa ya sake kama wuyan hannu. Mansur ya miƙo nasa hagun ya ce ranar Asabar mai zuwa zai rama.

Ba wai na warke ba ne. Hannun dama yana nan yadda yake, Oktoba na zuwa, har yanzu ban san me zan ce wa ofis ba. Kibod ɗin ma yana cikin jaka, sai an jima in yaron ya farka.

Ɗazu da rana na ci tuwo a tsakar gida. Yusha'u yana kwance kusa da Inna yana wutsil-wutsil, ya kai hannu ya damƙi bakin ɗankwalinta. Samira ta ce, "Inna, kin ga da wane hannu ya kama?" Inna ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na gani. Ku ƙyale min shi."